Anini da Rawani: Aikin Eya Mashal Sadique Abubakar a Ma'aunin Katsina

A ranar 11 ga Oktoba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya raba lambobin girmamawa na ƙasa ga mutum sama da 400 a Abuja. Cikin waɗanda suka samu CFR, wadda ke bin GCFR da GCON a daraja, akwai Eya Mashal Sadique Baba Abubakar, wanda ya riƙe kujerar Babban Hafsan Sojin Sama daga 13 ga Yuli, 2015 zuwa 26 ga Janairu, 2021. A zama ɗaya aka ba wanda ya gaje shi, Eya Mashal Isiaka Oladayo Amao, alhali bai cika shekara biyu a kujerar ba. Waɗanda suka gabace su, Alex Badeh da Adesola Amosu, su ma sun karɓi irinta tun 2014, kafin daga baya hukumar EFCC ta gurfanar da su gaban kotu bisa zargin karkatar da kuɗin rundunar. Mutanen nan huɗu ba aiki iri ɗaya suka yi ba, amma wanda ya duba haruffan da ke bin sunayensu ba zai gane bambancin ba.

Hujjar da nake son kafawa a wannan maƙala ita ce, Sadique Abubakar ya yi aikin da ya isa a yaba masa wajen tayar da rundunar da ya tarar a durƙushe, sai dai tsarin girmamawa na ƙasarmu ya kasa nuna wannan, kamar yadda ya kasa nuna inda aikin ya tsaya, domin kujera yake girmamawa. Wanda ke son auna kwamandan sojin sama da adalci, dole ya haɗa da ƙasar da jiragensa suka yi shawagi a kanta. Na ɗauki Katsina saboda daga filin jirginta jiragen yaƙi suka riƙa tashi zuwa dazukan Arewa maso Yamma a zamaninsa, kuma saboda tsohuwar ƙasar yaƙi ce mai nata tsarin na karrama mayaƙa tun kafin a san za a yi Najeriya.

An haifi Sadique Abubakar a Azare, ƙasar Katagum, ranar 8 ga Afrilu, 1960. Ya shiga aikin sojin sama a watan Nuwamba na 1979, lokacin rundunar tana da shekara 15 kacal. An kafa ta da doka a watan Afrilu na 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanninta biyu na farko, Gerhard Kahtz da Wolfgang Thimmig, Jamusawa ne. Yaƙin basasa ne ya girmar da ita da gaggawa, da jiragen Tarayyar Sobiyet ƙirar MiG-17 da Il-28, waɗanda matuƙa daga Masar suka tuƙa da dama daga cikinsu. Da kuɗin mai suka shigo aka sayo MiG-21 da C-130 na dakon kaya, sannan Alpha Jet, sannan Jaguar daga Ingila. Wato yaron Azare ya shigo gidan ne yana cike da kaya, kuma hafsoshinsa suna da baki a mulki. A shekarun 1970, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, hafsoshin sama irin su Usman Jibrin da Mukhtar Muhammad sun yi gwamna a jere, daga baya Usman Mu'azu ya biyo a 1984.

Sauran rayuwarsa ta aiki kuwa, yawancinta a zamanin koma baya ya yi ta. A watan Maris na 1986 aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa da wasu hafsoshi bisa laifin shirya juyin mulki, cikinsu har da na sojin sama irin su Ben Ekele da Adamu Sakaba. Manazarta da dama suna ganin daga nan ne masu mulkin soja suka fara kallon jirgin yaƙi a matsayin barazana ga kujerarsu, suka ƙuntata wa rundunar kuɗi da kayan gyara. Jiragen Jaguar ba su daɗe suna tashi ba aka ajiye su. A ranar 26 ga Satumba, 1992 jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo kusa da Legas da mutum sama da 150, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa gwamnatin Abacha ya ƙara toshe hanyar kayan gyara. Sa'ad da Boko Haram ta yi ƙarfi, abin da ƙasa ke da shi a sama bai wuce tsofaffin Alpha Jet, da F-7 da aka sayo daga Sin, da 'yan jirage masu saukar ungulu ba. A watan Disamba na 2013 mayaƙan ƙungiyar suka kutsa sansanin sojin sama na Maiduguri suka lalata jirage a ƙasa. Wannan ne gadon da aka miƙa wa Sadique Abubakar.

Shi matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne, kuma ina ganin wannan ya yi tasiri a kan yadda ya fahimci yaƙi. A yawancin rundunonin sama na duniya matuƙan jiragen yaƙi masu gudu su ne 'yan gaban goshi. Mai saukar ungulu kuwa aikinsa kusa da ƙasa yake: ya sauke dakaru, ya ɗauko mai rauni, ya yi harbi a inda shi ma ana iya harbo shi. Kafin naɗinsa ya shugabanci sashen horarwa na rundunar a Kaduna, ya riƙe ofishin sadarwa a hedikwatar tsaro, ya riƙe na tantance inganci, sannan na gudanarwa a hedikwatar sojin sama. Mutum ne da ya san ma'ajiyar kayan gyara da ajin koyarwa, ya kuma san takardun ofis.

Abin da ya yi da wannan sani shi ne babban abin da za a tuna shi da shi. Bisa lissafin da rundunar ta bayar, zuwa ƙarshen 2020 an shigo da sababbin jirage 23: Super Mushshak 10 na koyon tuƙi daga Pakistan, Mi-35M guda 5 da Mi-171E guda 2 ƙirar Rasha, Agusta 109 guda 4 daga Italiya, da Bell 412 guda 2. An yaye sababbin matuƙa sama da 100, cikinsu har da Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile, waɗanda a watan Oktoba na 2019 suka zama mata na farko da suka cancanci tuƙa jirgin yaƙi da mai saukar ungulu na yaƙi a Najeriya. Fara sayen jiragen koyo kafin na burga alama ce ta wanda ya gane cewa jirgi ana sayensa a shekara ɗaya ko biyu, amma matuƙi sai an yi shekaru ana rainonsa. An buɗe rundunar ayyuka na musamman a Bauchi, da ta horar da dakarun ƙasa a Inugu, da kwalejin yaƙin sama a Makurɗi. A watan Fabrairu na 2018 aka ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgin leƙen asiri marar matuƙi wanda injiniyoyin rundunar suka yi aikinsa. A 2019 aka yi wa C-130 babban garambawul a Ikeja maimakon a kai shi waje. A zamaninsa ne aka biya dala miliyan 496 don Super Tucano 12, aka kuma ƙulla cinikin JF-17 guda 3, ko da yake sai bayan saukarsa aka ƙaddamar da su: shidan farko na Super Tucano sun sauka a Kano a watan Yuli na 2021. A Arewa maso Gabas ma, ƙwace tungar Boko Haram da ke tsakiyar Sambisa a watan Disamba na 2016 bai yiwu ba sai da taimakon sama. Duk wanda ya ce ba a yi komai ba a waɗannan shekaru bai yi wa gaskiya adalci ba.

Yanzu mu dawo Katsina. A ƙarshen Yuli na 2018, da kashe-kashe suka yi yawa a Zamfara, fadar shugaban ƙasa ta sanar da tura dakaru 1,000, ta kuma ce jiragen yaƙi za su sauka a Katsina saboda filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa shi ne mafi kusa da Zamfara. A ranar 31 ga watan aka fara farmakin Diran Mikiya. Sansanin sojin sama na 213 a Katsina ya zama mafarin jiragen, aka kafa wani reshe a Daura, aka buɗe asibitin rundunar a can a watan Agusta na 2019, asibitin da farar hula ke amfana da shi. A wannan shekarar aka haɗe ƙarfin sama da na ƙasa a ƙarƙashin farmakin Hadarin Daji. Mazauna birnin Katsina suka saba da rugugin Alpha Jet da safe da yamma, gidajen rediyo kuma suka saba da karanta sanarwar an ragargaza sansanin 'yan bindiga a daji kaza.

To amma me ya faru a ƙananan hukumomi takwas da ke bakin daji, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume? Shekarar 2020, cikakkiyar shekarar Sadique Abubakar ta ƙarshe a kujera, tana cikin mafi muni da yankin ya gani. A watan Fabrairu aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari. A watan Afrilu 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 47 a ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana. A watan Yuni aka kashe gommai a Kadisau ta Faskari, matasa suka fito zanga-zanga a 'Yantumaki da cikin birnin Katsina. A watan Yuli Majalisar Dattawa ta nemi hafsoshin tsaro su sauka. Sannan a daren 11 ga Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Shugaba Buhari yana Daura. An sako yara 344 ranar 17 ga wata ta hanyar sulhu. Hukumomi sun ce an gano inda aka ɓoye su, to amma wane matuƙi ne zai saki bam a kan ɗaruruwan yara? Ƙanƙara ta nuna wa kowa iyakar abin da jirgi ke iyawa. Bayan kwana 40 aka sauya hafsoshin.

Domin a gane dalili, sai an dubi yadda hari ke faruwa. 'Yan bindiga sukan taso da la'asar sakaliya a kan babura, bibbiyu ko uku-uku, su bi ta cikin kwazazzabai, su tsaya a bayan gari har duhu ya shiga. Sau da yawa wani manomi ya gan su. Ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya hau tudu yana neman sabis, ya kira dagaci ko hakimi, shi kuma ya kira baturen 'yan sanda ko shugaban ƙaramar hukuma. Daga nan maganar ta tafi ga sojojin ƙasa, daga su ta tafi ɗakin da ake haɗa bayanai, a nemi tabbaci, a nemi izini, a ɗora makamai, a duba yanayin sama, domin da damina hadari kan hana tashi, da hunturu kuma hazo kan rufe ƙasa. Tsakanin filin jirgin Katsina da ƙauyukan Batsari tafiyar 'yan mintoci ce ga Alpha Jet, jinkirin duk a wancan dogon layin waya yake. Kafin jirgi ya iso, ko dai maharan sun shige cikin gari sun cakuɗe da jama'a, ko sun koma da shanu da mata da yara a gabansu. Daga sama, ayarin babura na 'yan bindiga da na 'yan sa-kai da suka bi sawunsu kamanninsu ɗaya. Idan kuma an yi wa sansaninsu luguden wuta a dajin Rugu, abin da aka ƙona bukkoki ne da tamfol, waɗanda za a sake kafawa a kwana biyu, ga kuma infoma a gefe da kan sanar da su jirgi ya tashi. Aikin ya zama irin na mai korar tsuntsaye a gonar gero: ya yi kuwwa su tashi, ya juya baya su sauka.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma wanda ya fi kowa koyar da shi yana da alaƙa da ƙasar Hausa. Jiragen sama na farko da suka zo Najeriya sun isa Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925: jirage uku ƙirar DH.9A na sojin saman Ingila da suka taso daga Masar, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, wanda aka ba lambar yabo ta AFC saboda wannan tafiya. Shi ne daga baya ya jagoranci sojin saman Birtaniya a hamadar Afirka ta Arewa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne kafa hedikwatarsa a jikin ta sojin ƙasa, domin buƙata ta fito daga fagen daga ta isa ga matuƙi ba tare da yawo ba. Kafin wannan, a 1920, Turawa sun yi amfani da jirage a kan Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan a ƙasar Somaliya, suka yi ta alfahari cewa jirgi ya gama yaƙin shekara 20 a cikin makonni, alhali dakarun raƙuma ne suka bi bayan bama-baman suka kama garuruwansa, shi kuma ya tsira, sai rashin lafiya ce ta yi ajalinsa a ƙarshen shekarar. Masanin siyasa Robert Pape, a littafinsa Bombing to Win na 1996, ya bi tarihin hare-haren sama na ƙarni na 20 ya nuna cewa jirgi yana tasiri ne idan ya hana abokin gaba cimma burinsa a fagen daga, ba idan ana horo da shi daga nesa ba. Ɗan bindigar daji ba shi da masana'anta ko gada ko ma'ajiyar mai da za a rusa. Burinsa ƙauye ne da hanyar kasuwa, kuma ba a tsare su sai da mutum a tsaye a wurin.

Shimfiɗa ta ƙasar Jibiya ta tabbatar da haka. A watan Maris na 2022 aka janye sojojin da ke zaune a garin. A ranar mutane suka watse, aka ruwaito yara bakwai sun rasu a turmutsitsin gudu. Filin jirgin Katsina yana nan inda yake, jiragen suna nan, amma ba wanda ya yarda ya kwana da dogaro da su. Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan ba laifin babban hafsan sama ba ne shi kaɗai, ba ma shi ne na farko a layi ba. Ƙarancin 'yan sanda, da sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi da 'yan bindiga a 2017 da 2019 wanda shi da kansa ya ce an ci amanarsa, da rikicin burtali da makiyaya, da kasuwar makamai da ke ratsowa ta kan iyaka, duk sun fi ƙarfin ofishinsa. Jiragen ma ba su da yawa, kuma Borno ce ke cin kaso mafi tsoka. Abin da nake ɗora masa shi ne, shi da ya fi kowa sanin iyakar jirgi, ya bar sanarwar nasara ta yi ta fita har 'yan siyasa suka samu abin fakewa. Jirgi abu ne da ake gani ana ji, saboda haka ya fi sauƙin nunawa a kan ofishin 'yan sanda a kowace gunduma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojin sama ya saki bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann, ƙaramar hukumar Kala-Balge a Borno. Sojoji da kansu sun amince an kashe mutum sama da 100, shugabannin yankin suka ce adadin ya haura 200. Cikin mamatan akwai ma'aikatan agaji na Red Cross. Rundunar ta amsa kuskure, ta kafa kwamiti, a watan Yuli kuma hedikwatar tsaro ta ce ba a sanya sansanin a taswirar aiki ba. Wannan bayani da kansa tuhuma ce, domin akwai sojojin ƙasa a garin. Idan taswirar matuƙi ba ta san da dubban mutanen da sojan ƙasa ke gadi ba, ke nan abin da Coningham ya gyara tun 1941 bai gyaru a wurinmu ba. Ba a buga cikakken rahoton ba. Ina faɗin wannan da ɓacin rai, domin mutanen Rann gudun mutuwa suka yi suka fake a inuwar gwamnati.

Rashin fitar da rahoton ya zama al'ada. A watan Afrilu na 2019 majalisar sarakunan Zamfara ta yi ƙorafin cewa hare-haren sama suna faɗa wa waɗanda ba su ji ba su gani ba. Rundunar ta musanta, ta kafa kwamitin hafsoshinta ya binciki kanta. Bayan saukar Sadique Abubakar abin ya ci gaba: a watan Fabrairu na 2022 gwamnan Maraɗi ya sanar da mutuwar yara bakwai a Nachade, ƙasar Madarumfa, sakamakon harin jirgin Najeriya, an ji irin wannan kuka a Kunkuna ta Safana a watan Yuli na shekarar, da Mutumji ta Zamfara a Disamba. Kuskure a yaƙin sama ba a Najeriya kaɗai ake yin sa ba. A watan Oktoba na 2015 jirgin Amurka ya kashe mutum 42 a asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz ta Afganistan. An soki hukuncin da aka yanke da sassauci, amma an fitar da rahoto, an ladabtar da sojoji 16, an biya iyalai. Babban hafsan da ya samu shekara biyar da rabi da cikakkiyar amincewar shugaban ƙasa yana da damar kafa irin wannan tsari, kuma da ya kafa shi da ya fi kowane jirgi daɗewa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan, na yabo ko na zargi, da ke bayyana a lambobinsa. Idan babban hafsa ya sa kayan faretin girma, ƙirjinsa cike yake da layukan ƙyalle masu launi, sunansa kuma yana jan haruffa: FSS, MSS, DSS, GSS, da psc da fwc da ndc. Kashi na farko taurarin hidima ne da akasari ake samu da yawan shekaru da hawan muƙami ba tare da tabo ba, na biyu kuma shaidar kwasa-kwasan da aka halarta ce. Duk halal ne, amma tarihin daɗewa suke bayarwa. Lambobin ƙasa, waɗanda dokar 1964 ta kafa, sun koma bin muƙami: shugaban ƙasa GCFR, mataimakinsa GCON, hafsoshin tsaro CFR. Chinua Achebe ya ƙi karɓar CFR sau biyu, a 2004 da 2011, saboda halin da ƙasa ke ciki. Bayan saukar Sadique Abubakar da 'yan kwanaki aka miƙa sunansa da na takwarorinsa don zama jakadu, aka tura shi Chadi. A 2023 ya tsaya takarar gwamnan Bauchi a APC, Bala Mohammed ya yi nasara. Jakadanci ladan siyasa ne, ƙuri'a kuma hukuncin siyasa, babu wanda ya auna aikin soja a cikinsu.

Katsina ta taɓa sanin wata hanya. Bayan jihadi, da sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi, ƙasar ta shafe kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya tana fama da hare-haren da ke ratsowa ta dazukan yamma da arewa, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗanbaskore. Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883. Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dage a kai shi ne ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, da mayaƙa da iyalansu zaune a ciki suna noma. Shi da kansa a ribaɗin Wurno ya zauna, a can aka binne shi a 1837. Sarautun yaƙi irin su Kaura, wanda shi ne jagoran mayaƙan Katsina, rawani ne da ke tafe da ƙasa da za a tsare. Talakawan ƙasar su ne shaidu, maroƙa da makaɗa suna faɗin wanda ya tsaya da wanda ya gudu a gaban jama'a, shi ya sa sunayen barade irin su Ɗanwaire da Kaura Hasau na Maraɗi suke bakin mutane har yau. Ba zan ƙawata wancan zamani ba, akwai bauta da zalunci a cikinsa. Amma rawanin yana da sharaɗi, kuma ana iya tuɓe shi. Ko a 2021 masarautar Katsina ta dakatar da hakimin Ƙanƙara bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Dokar lambobin ƙasa ma ta ba shugaban ƙasa ikon karɓe lamba, sai dai da wuya a ga an yi.

Gyaran da nake ganin ya dace ba ya buƙatar sabuwar hukuma. A daina ba hafsa lambar ƙasa yana kan kujera, a jira ya sauka a duba aikinsa. A haɗa kowace lamba da takardar bayani da kowa zai iya karantawa, mai faɗin takamaiman abin da aka yaba. Da an yi haka, takardar Sadique Abubakar za ta ambaci matuƙa da injiniyoyi da makarantu, kuma zai fi samun girma da ita a kan haruffa ukun da ya yi tarayya da kowa a kansu. Sannan duban ya haɗa da lissafin farar hular da hare-haren sama suka shafa a zamanin hafsan, da abin da aka yi wa iyalansu na bincike da diyya, kuma wanda zai yi lissafin ya kasance daga wajen rundunar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta riga ta gwada binciken ayyukan soja a Arewa maso Gabas, da kwamitin da ta kafa a 2023 a ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abdu Aboki, don haka hanya a buɗe take. Hakiman Batsari da Safana da Jibiya, da limamai da shugabannin mata, suna da sunayen mamatansu, a kira su su ba da shaida. Rahoton Rann kuma yana hannun hedikwatar tsaro tun 2017. A fitar da shi, a fassara shi da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, a karanta wa mutanen Kala-Balge.